Gahawa, Ruwan Dutse da Gonakin Inabi a Birnin Viyana

A Viyana, babban birnin ƙasar Ostiriya, wuraren shan abin sha suna cikin abubuwan da mutanen gari suke lissafawa idan ana maganar gadon kakanni, daidai da yadda suke lissafa fadar Hofburg ko babbar majami'ar Stephansdom. A shekarar 2011 hukumar UNESCO reshen ƙasar ta sanya al'adar gidajen gahawa na birnin cikin jerin gadon al'adun da ake rayawa da aiki ba da gini ba, sannan a 2019 ta ƙara da al'adar gidajen manoman inabi na gefen gari, waɗanda ake kira Heuriger. Gahawar da ake sha a can ba a ƙasar ake noma ta ba, kuma akwai garuruwan da suka fi Viyana iya dafa ta, saboda haka na daɗe ina tambayar kaina mene ne ainihin abin da aka ce a adana. Abin da na fahimta bayan zama a waɗannan wurare shi ne izinin zama: mutum ya biya kuɗin kofi ɗaya, ya riƙe kujerarsa iyakar son ransa, ya yi karatu ko rubutu ko hira ko ma shiru kawai, kuma babu wanda zai ɗaga masa gira.

Ana gane wannan tun daga yadda ake kawo gahawar. Ma'aikacin gidan, wanda a tsofaffin gidaje yake sanye da baƙar kwat da farar riga, yana zuwa da ɗan ƙaramin tire na ƙarfe mai sheƙi, a kansa akwai kofin gahawa, da sukari, da ƙaramin gilashin ruwan sanyi wanda aka gicciya cokali a bakinsa, bayan cokalin yana kallon sama. Yana ajiye tiren a kan teburin marmara, ya juya ya tafi, ba zai dawo da takardar kuɗi ba sai an kira shi. A gidajen da suka riƙe tsohuwar ɗabi'a, idan mutum ya shanye gahawarsa ya ci gaba da zama, sai a ɗauke kofin a kawo masa sabon gilashin ruwa ba tare da ya nema ba, wanda hakan yake nuna masa cewa har yanzu baƙon gidan ne, ko da kuwa ba zai ƙara sayen komai ba. A gefe guda akwai tebur da aka jibge jaridun ranar, na gida da na waje, kowacce an maƙala ta a wani marikin katako mai hannu domin a iya karanta ta ba tare da ta lanƙwashe ba. Ana kiran babban ma'aikacin da lakabin girmamawa, Herr Ober, kuma shi ma yana tafiyar da aikinsa da wata irin nutsuwa da kamun kai da baƙo zai iya ɗauka girman kai ne, alhali shi a wurinsa sana'a ce da ake shekaru ana koyo.

Ba a cewa a kawo gahawa kawai, domin kowace iri da sunanta. Wadda aka fi sha ita ce Melange, gahawa da madara mai zafi da kumfar madara a sama. Akwai kleiner Brauner, 'yar ƙarama mai ƙarfi da ake kawowa tare da ɗan kirim a wani mitsitsin mazubi domin mai sha ya zuba gwargwadon abin da yake so, akwai kuma Verlängerter wadda ake tsawaita ta da ruwan zafi. Wadda na fi so ita ce Einspänner, baƙar gahawa a cikin gilashi da aka lulluɓe da kirim mai kauri, wadda ake dangantawa da direbobin keken doki na zamanin da, waɗanda kirim ɗin yake riƙe musu zafin gahawa yayin da suke jiran fasinja cikin sanyi. Mai kiyaye abin da yake sha ya kamata ya san cewa wasu nau'o'in, kamar Fiaker da Maria Theresia, ana zuba musu barasa, haka ma wasu daga cikin kek ɗin da ake jerawa a akwatin gilashi, don haka tambaya kafin a yi oda ba abin kunya ba ne, kuma ma'aikatan sun saba da ita.

Ruwan nan da ke cikin ƙaramin gilashi yana da nasa tarihin, kuma mutanen Viyana suna alfahari da shi fiye da yadda baƙo zai zata. Har zuwa tsakiyar ƙarni na goma sha tara, birnin yana dogara ne da rijiyoyi da ruwan da ake janyowa daga mashigin kogin Danube, abin da ya sa kwalara da taifot suka riƙa kashe mutane. Wani masanin duwatsu mai suna Eduard Suess, wanda yake ɗan majalisar birni, shi ya dage cewa a janyo ruwa daga maɓuɓɓugan duwatsun Rax da Schneeberg, kuma a shekarar 1873 aka buɗe wannan hanyar ruwa ta farko a gaban Sarki Franz Joseph. Babbar maɓuɓɓugar ado da ke dandalin Schwarzenbergplatz an gina ta ne domin tunawa da wannan rana. A 1910 aka ƙara hanya ta biyu daga duwatsun Hochschwab, mai tsawon kimanin kilomita 180, inda ruwan yake ɗaukar kusan sa'o'i 36 kafin ya iso gari. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne gangara ce kawai take kawo shi daga dutse zuwa birni, ba a buƙatar injin turawa a kan hanya. Yau akwai famfunan sha kyauta fiye da dubu ɗaya a tituna da lambunan birnin, kuma duk wanda ya zagaya gari da rani da gorar ruwa a hannu ya san darajarsu.

Game da asalin gahawa a birnin kuwa, labari biyu ne. Wanda aka fi yaɗawa yana cewa bayan rundunar Daular Usmaniyya ta kewaye Viyana a 1683 ta kuma janye, an tarar da buhunan waken gahawa a sansaninta, sai aka ba wani mutum mai suna Kolschitzky, wanda ya yi aikin leƙen asiri lokacin yaƙin, shi kuma ya buɗe gidan gahawa na farko. Akwai titi mai sunansa a gunduma ta huɗu, da mutum-mutuminsa a kusurwar wani gini sanye da kayan Turkawa yana zuba gahawa. Sai dai masana tarihi sun nuna cewa takardar izini ta farko ta sayar da gahawa an ba wani ɗan kasuwa Ba'armeniye ne mai suna Johannes Diodato, a shekarar 1685. A ganina labari na biyu ya fi daraja, domin yana tunatar da mu cewa abin da Viyana take tunƙaho da shi a yau ta hannun 'yan kasuwar gabas ya shigo mata, waɗanda suka san gahawa tun daga Istanbul, inda aka yi gidajen shanta fiye da shekaru ɗari kafin wannan lokaci.

Zamanin da gidajen gahawa suka kai ƙololuwa shi ne daga rabin ƙarshe na ƙarni na goma sha tara zuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma dalilin bai rasa nasaba da matsin gidaje ba. Birnin ya cika ya batse da baƙi daga Bohimiya da Hangare da Galisiya da sauran sassan daular Habsburg, wadda Viyana ce babban birninta, har yawan jama'arsa ya kai kusan miliyan biyu a 1910. Mutane da yawa suna kwana a ƙananan ɗakuna masu duhu da sanyi, don haka wurin da yake da ɗumi da haske da jaridu, kuma ba a korar mutum, ya zama musu falo da ofis da ɗakin karatu a haɗe. Ko kujerar da ake zama a kai ta shiga tarihi, wato kujerar Thonet mai lamba 14, wadda Michael Thonet ya fitar a 1859, ta hanyar lanƙwasa katako da tururi, da guntaye shida kacal da ake haɗawa da ƙusoshi. Ba ta da nauyi, ba ta da tsada, kuma mutum zai iya ɗaukarta da hannu ɗaya ya koma teburin da hira ta fi daɗi. Da farko maza ne kaɗai suke shiga gidajen gahawa, sai a 1856 aka fara buɗe ƙofa ga mata.

Gidajen da suka yi suna a wancan zamani da yawansu suna nan. Café Landtmann, wanda aka buɗe a 1873 a kan babban titin Ringstrasse kusa da gidan wasan kwaikwayo na Burgtheater, yana cikin wuraren da masanin halayyar ɗan Adam Sigmund Freud yake zama, kuma har yau 'yan siyasa da 'yan jarida suna haɗuwa a cikinsa saboda kusancinsa da majalisar dokoki da zauren birni. Café Central, wanda ya fara aiki a 1876 a ginin Palais Ferstel, ya shahara da wasan dara irin na Turawa, kuma ɗan juyin juya halin Rasha Leon Trotsky ya sha buga ta a can shekarun da ya yi gudun hijira a birnin kafin 1914. Marubucin nan Peter Altenberg ya lazimci wurin har ya mayar da shi adireshin da ake aiko masa wasiƙa, shi ya sa aka zaunar da mutum-mutuminsa a bakin ƙofa. Café Frauenhuber da ke titin Himmelpfortgasse ana ɗaukarsa mafi daɗewa cikin waɗanda suke aiki, kuma a ginin ne mashahuran makaɗan nan Mozart da Beethoven suka taɓa yin kiɗa tun kafin ya zama gidan gahawa. Bai kamata a ba da wannan tarihi a tsallake abin da ya biyo baya ba: da yawa daga cikin marubuta da likitoci da lauyoyin da suka raya waɗannan tebura Yahudawa ne, haka ma wasu daga cikin masu gidajen, kuma bayan Jamus ta 'yan Nazi ta haɗe Ostiriya a watan Maris na 1938, an kore su, an ƙwace dukiyarsu, an kashe dubbai. Gine-ginen sun tsira, amma jama'ar da ta sa suka yi suna ba ta dawo ba.

Gidan da ya fi kwanta mini a rai ƙarami ne, a wani lungu mai suna Dorotheergasse kusa da titin Graben. Leopold Hawelka da matarsa Josefine suka buɗe shi a 1939, yaƙi ya sa suka rufe, suka sake buɗewa a 1945, daga nan ya zama matattarar masu zane da marubuta na bayan yaƙi. Cikinsa duhu-duhu ne, bangon ya rine saboda hayaƙin shekaru, an lulluɓe wani sashe nasa da takardun sanarwar nune-nune da wasanni, kujerun zaman kuma sun lotsa ta inda dubban mutane suka zauna, kuma da gangan masu gidan suka ƙi sabunta shi. Da dare ake fito da Buchteln, wani burodi mai laushi da ake cusa masa matsattsen 'ya'yan itace a gasa a tanda, a barbaɗa masa garin sukari, a kawo shi da zafinsa, wanda Josefine ta riƙa gasawa da hannunta har zuwa rasuwarta a 2005. Mijinta ya rasu a 2011 yana da shekaru ɗari, kuma iyalinsu ne suke riƙe da gidan. Wanda yake son wuri mai faɗi da haske kuma, sai ya nufi Café Sperl a titin Gumpendorfer, wanda aka buɗe a 1880, inda teburan wasan biliyad suke tsaye a tsakiyar zaure, kuma da hantsi za a ga dattawan unguwa kowa a kusurwar da ya saba zama.

Ɗaya ɓangaren gadon yana gefen gari, inda gidaje suke ƙarewa tuddai su fara. Viyana tana cikin manyan biranen duniya ƙalilan da suke da gonakin inabi masu yawa a cikin iyakarsu, fiye da hekta ɗari biyar, a tsofaffin ƙauyukan da birni ya haɗiye kamar Grinzing da Nussdorf da Sievering da Neustift am Walde, da Stammersdorf a hayin Danube, da Mauer a kudu. A ranar 17 ga Agusta 1784 Sarki Joseph na Biyu ya fitar da doka da ta ba kowane manomi damar sayar da abin da ya noma da kansa a gidansa, har da giyar inabinsa, kuma daga wannan doka al'adar Heuriger ta samu gindin zama. Manomin da ya buɗe gidansa yana rataye damin rassan itacen fir a saman ƙofa, idan ya rufe sai ya sauke, domin gidajen na asali ba kullum suke buɗe ba, makonni suke yi suna karɓar baƙi sannan su koma gona. Taragon lantarki mai lamba 38 yana kai mutum Grinzing, mai harafin D ya kai shi Nussdorf, mai lamba 31 kuma Stammersdorf.

Ni ba na shan barasa, kuma na san yawancin masu karanta wannan ma haka suke, amma ba na jin za a fahimci Viyana idan aka kauce wa waɗannan gidaje gaba ɗaya. Ana shiga ta wata babbar ƙofar katako da aka yi domin keken kaya, a faɗa tsakar gida mai tsakuwa, inda aka jera dogayen tebura da bencuna a ƙarƙashin bishiyoyi da rumfar inabi. Iyali guda za a gani, kaka da jikoki da kare a ƙarƙashin tebur, kusa da su ma'aikatan da suka taso daga aiki, kuma idan wuri ya cika baƙo yana neman izini ya zauna a ƙarshen bencin wasu. Abinci ba a kawo shi tebur, mutum ne yake tashi ya je kanta ya nuna abin da yake so a auna masa. Wannan ya samo asali ne daga lokacin da mutane suke zuwa da guzurinsu daga gida, manomi ya sayar musu da abin sha kawai. Giyar da aka fi sani a nan ita ce Gemischter Satz, wadda ake yi daga inabi iri-iri da aka shuka a gona ɗaya, aka girbe tare, aka matse tare. Dabarar manoman da ce ta kauce wa asara, domin idan sanyi ko ruwa ya lalata wani iri, wani zai tsira.

Wanda ba ya shan giya yana da abin da zai riƙe a hannu. Kusan kowane gida yana da ruwan inabi zalla da ba a bari ya yi tsami ba, wanda ake kira Traubensaft, fari ko ja, kuma da yawa suna sirka shi da ruwan soda saboda zaƙinsa. Akwai kuma Almdudler, lemon ganyayyaki da ake yi a Viyana tun 1957. Abin da ya kamata a kiyaye shi ne Sturm, wanda ake sayarwa da kaka a watannin Satumba da Oktoba: kamanninsa na ruwan inabi ne mai gurɓi-gurɓi, zaƙinsa ma haka, amma ya riga ya fara tsami kuma yana bugarwa. A kantar abinci naman alade ya fi yawa, har da kitsensa da ake shafa wa burodi, don haka abin da ya rage wa Musulmi shi ne cuku, da salak ɗin dankali, da Liptauer, wani cukui mai laushi da ake kwaɓawa da jan barkono marar yaji. Kowa da inda ya ja wa kansa layi, kuma wanda zuciyarsa ba ta natsu da zama inda ake shan giya ba, zai iya bin hanyoyin ƙafa da suka ratsa gonakin har zuwa tudun Kahlenberg, inda rundunar Sarkin Folan Jan Sobieski ta gangaro a ranar 12 ga Satumba 1683 ta kori rundunar Usmaniyya da ta kewaye garin, ya ga birnin da kogin a shimfiɗe a ƙasa.

Kiɗa ma yana cikin abin da waɗannan gidaje suka raya. 'Yan'uwa biyu, Johann da Josef Schrammel, sun kafa ƙungiyarsu a 1878, suna kiɗa da goge biyu da wata jita mai wuya biyu, daga baya aka ƙara algaitar Turawa, kuma har yau da sunansu ake kiran wannan salon. Waƙoƙin da ake rerawa da shi suna yawan ambaton tsufa da mutuwa da kewar tsohuwar Viyana, cikin karin harshen gari wanda ko Bajamushe daga arewa yakan sha wuyar ganewa. A Heiligenstadt, kusa da Nussdorf, akwai gidan manomin inabi a dandalin Pfarrplatz inda Beethoven ya zauna a 1817, kuma a wannan ƙauyen ne ya rubuta wa 'yan'uwansa wasiƙar nan ta 1802 da ya bayyana baƙin cikinsa game da kurumcewar da ta kama shi.

Damuwata ita ce shigar da abu cikin jerin UNESCO ba ta biyan kuɗin haya. Gidajen gahawa sun taɓa shiga mawuyacin hali a shekarun 1950 da 1960, lokacin da talabijin ta zaunar da mutane a gida, ƙananan shagunan gahawa irin na Italiya kuma suka janye matasa, har aka rufe da yawa aka mayar da su bankuna da shagunan motoci. Sun farfaɗo daga baya, sun kuma jure dokar hana shan taba a wuraren cin abinci da ta fara aiki a watan Nuwamba na 2019, wadda wasu suka yi zaton za ta kashe su. Matsalar yanzu ta fi wannan wuyar magani. Mutumin da ya riƙe tebur sa'o'i uku a kan kofi ɗaya ba ya kawo ribar da za ta biya haya a tsakiyar birni, masu yawon buɗe ido kuwa suna shigowa su ci kek su ɗauki hoto su fita cikin rabin sa'a, saboda haka lissafin kasuwa yana karkata gare su. A ƙofar wasu mashahuran gidaje layi ne dogo tun da safe, kuma duk wanda yake zaune yana ganin mutane tsaye suna jiran kujerarsa ba zai iya buɗe jarida ya nutsu ba, ko da babu wanda ya ce masa ya tashi. Haka abin yake a wasu sassan Grinzing, inda manyan motocin 'yan yawon buɗe ido suke sauke mutane a gidajen da suka fi kama da gidajen abinci, yayin da 'yan gari suka fi karkata zuwa Stammersdorf ko Mauer.

Shi ya sa nake ba duk mai niyyar zuwa shawara ya leƙa manyan gidajen domin ganin gininsu, amma ya ware rabin yini ya zauna a gidan gahawa na unguwa, a gunduma ta shida ko ta takwas ko ta tara, inda ma'aikaci ya san sunan rabin mutanen da ke zaune, ya kuma san abin da kowannensu yake sha tun kafin ya buɗe baki. Irin waɗannan masu zuwa kullum su ne suke riƙe da gidajen a watannin sanyi da baƙi suke ƙaranci, kuma idan suka daina zuwa, shahara ba ta ceton wuri. Café Griensteidl da ke dandalin Michaelerplatz, daura da ƙofar fadar Hofburg, an buɗe shi a 1847, ya zama matattarar matasan marubutan birnin, aka rushe ginin a 1897. An sake buɗe gida mai wannan suna a wurin a 1990, ya yi aiki har zuwa 2017 sannan ya rufe, daga baya aka mayar da wurin babban kantin sayar da kayan masarufi.